Lawal Ba Makaɗi Ba Ne

Malam Muhammadu Lawal bai taɓa kaɗa ko gwangwanin madara ba tun da aka haife shi. A fara da wannan, a kuma riƙe shi da kyau, domin a kansa duk rigimar take. Mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa da alli a hannu. Ya yi hedimasta a Gwiwa, ya yi a Roni, ya dawo Kazaure ya ajiye aiki da mutuncinsa. Abu ɗaya ne ya haɗa shi da kayan kiɗa: lokacin yana hedimasta ya sayi fiyano da amfilifaya da lasifika biyu da kuɗin aljihunsa, saboda taron safe da ranar ba da kyaututtuka. Wani malamin aji ne yake danna fiyanon yara su rera taken ƙasa. Shi Malam aikinsa tsayuwa a gefe da bulala, yana duba wanda bakinsa ba ya motsi.

Da ya bar aiki kayan suka biyo shi gida, suka kwanta a ɗakin zaure, gizo-gizo ya yi musu rumfa. Suna nan har aka zo maganar auren 'yarsa Halimatussa'adiyya, ma'aikaciyar jinya, da wani saurayi Ahmad ɗan Roni. Matar Malam, Mairo, ta ce a fitar mata da tarkacen nan, ɗakin take so ta tara kayan amarya.

Malam ya yi niyyar ya ɗora su a mota ya kai Kano ya sayar wa masu gyara. Sai tsautsayi ya kawo Musaddiƙ.

Musaddiƙ ɗan ƙanwar Malam ne. Ya ɗan zauna a Kano a shagon cajin waya, ya dawo gida da tabarau baƙi, ya ce daga yau a riƙa kiransa Darakta.

"Kano, Kawu? A wannan zamanin?" Ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. "Ka biya kuɗin mota, ka sha rana, su taya maka kuɗin goro? Ga kasuwa a aljihuna. Hoto ɗaya zan ɗora a intanet, mutanen Legas da na Yamai su yi layi a ƙofar nan. Ni da wayar nan na taɓa sayar da firjin da ba shi da ƙofa, har mutum biyu suka yi dambe a kansa."

"Firjin wa?" in ji Malam.

"Ba wannan ne muhimmi ba, Kawu."

Malam ya yarda, amma da sharaɗi, domin shi ba ya yin abu babu sharaɗi. Ya ce a faɗi gaskiya tsantsa. Maɓallai uku na fiyanon sun mutu. Lasifika ɗaya lafiyarsa lau, ɗayan kuwa yana zuza kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Amfilifaya kuma yana jan mutum idan ya riƙe makirfo babu takalmi a ƙafarsa.

"Ka ji ko? Maimaita."

"Na ji, Kawu. Ai ni kaina kwamfuta ne."

Aka fito da fiyano ƙofar gida. Malam ya sa babbar riga da tabaransa, ya tsaya a bayansa, yana danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya don mai saye ya ga matattun da idonsa. In ya zo kan matacce sai ya gyaɗa kai, ya ce, "Wannan ma ba ya yi." Musaddiƙ yana ɗaukar bidiyo.

Abin da Malam bai sani ba shi ne, Musaddiƙ ya gano wani jan maɓalli a gefe, wanda in an taɓa shi fiyanon ke sakin kiɗa da kansa, kiɗa mai zafi, da ganguna da komai. Ya koma ɗaki ya cire muryar kawunsa daga bidiyon, ya ɗora wannan kiɗan. Sai ga dattijo mai furfura yana yawo da yatsu a kan fiyano, yana gyaɗa kai, ya haɗe rai irin na gwanaye. A ƙasa Darakta ya rubuta: "Kayan shahararren makaɗi Lawal Mai Fiyano, wanda ya girgiza Maraɗi da Damagaram a zamaninsa. Tsufa ne kawai ya sa zai sayar." Ya sa lambar wayarsa, ya ƙara da ta Malam, wai don kada ciniki ya wuce in tasa babu caji.

Malam bai taɓa taka Maraɗi ba. Iyakarsa Babura, can ma taron malamai ya kai shi.

Washegari ya fito zai je karɓar fansho, ya tsayar da ɗan acaɓa. Yaron tsohon ɗalibinsa ne. Maimakon ya rusuna ya gaida shi kamar kullum, sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Sai Mai Fiyano! Damagaram ta gaishe ka!"

"Kai, da wa kake?"

"Haba Malam, ai asiri ya tonu. Ashe shi ya sa bulalarka take sauka da tsari, uku a jere, ɗaya a ware. Mu muna kuka, ashe kai kiɗa kake."

Malam ya ce ya fasa hawa, ya tafi a ƙasa. A teburin mai shayi aka miƙe masa tsaye, wani ya fara buga cokali a jikin kofi. Wayarsa ta yi ƙara, wata mata ce daga Gwiwa, tana tambaya nawa yake karɓa a kamun amarya, kuma da mawaƙinsa yake zuwa ko su nemo nasu.

"Hajiya, ni hedimasta ne."

"To ai ba komai, ranar Asabar ce, babu makaranta."

Sai da mai shayi ya nuna masa bidiyon ya gane abin da ake ciki. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce a sake sa masa. Ya ga kansa yana gyaɗa kai daidai inda ganga ke faɗuwa. Ya miƙa wayar, bai ƙarasa zuwa wurin fanshon ba, ya juya gida.

Ya tarar da Musaddiƙ a zaure yana fifita da hula, yana murmushi.

"Kawu, ka yi mini addu'a. Lasifika ɗaya ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Legas. Wani babban mutum ne, ko tayi bai yi ba. Ya turo alat ɗin biyan kuɗi, ya aiko ɗan acaɓa ya ɗauka."

"Wane lasifikan?"

"Mai lafiyar mana. Babban mutum zai sayi mai zuza?"

Ya nuna wa Malam alat ɗin. Malam ya gyara tabarau. Hoto ne aka turo, hoton alat, ba daga banki ba. Ya ja Musaddiƙ har wurin mai cirar kuɗi na bakin titi, aka duba asusu, babu abin da ya shigo. Aka kira lambar babban mutum, a kashe.

"Matsalar sabis ce," in ji Musaddiƙ. "Ka san Legas da nisa. Kuɗi sai ya biyo ta Kaduna."

Lasifikan bai dame Malam kamar sunan ba. A nan ma a fahimta da kyau: ba shi da rigima da makaɗa. Sana'a ce, masu ita suna ci da iyalinsu, shi ma yakan saurara a rediyo. Amma mutumin da ya yi shekaru yana dukan yara a kan ƙarya, ba za a wayi gari a lulluɓe shi da ƙarya daga hula har takalmi ya yi shiru ba.

Kafin ya gama tsara faɗan da zai yi, Mairo ta leƙo zaure, fuskarta babu walwala.

"Malam, an aiko daga Roni. Alhaji Kyari, baffan Ahmad, ya ce a ɗan dakata da zuwan sa rana."

"A kan me?"

"Hajja Kaka ta ga bidiyo."

Hajja Kaka ita ce kakar ango, kuma a gidan nan ba a yanka ko kaza sai ta ce to. Saƙonta a fili yake. Ta ce ita kiɗan bai dame ta ba, ta yi rawa a zamaninta fiye da kowa. Ɓoyewar ce ta dame ta. Da suka yi binciken asali an ce musu gidan malamai ne, ba wanda ya ambaci Damagaram. Gidan da ya iya ɓoye makaɗi sukutum har tsawon rayuwa, me kuma yake ɓoye a ƙuryar ɗaki?

Halimatussa'adiyya ta dawo daga asibiti ta ji labari. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a gaban Musaddiƙ da kayan aikinta a jiki.

"Yaya Darakta, ka san ina da allurai iri-iri ko?"

"Haba Sadiya, ai talla ce. Kaya ba ya sayuwa sai da tarihi."

Malam ya buga sandarsa a ƙasa. "Inda ka ɓata ni, nan za ka wanke ni. Yau. Ka rubuta a wurin, kowa ya gani."

"Kawu, wannan ai ƙaramin aiki ne. Kafin ka idar da la'asar na gama."

Ya kuwa gama. Da Malam ya je sallar magariba, ana sallamewa sai liman ya juyo ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Malam Lawal, Allah ya karɓa. Allah ya tabbatar da dugaduganka."

Wani tsoho daga sahun baya ya rungume shi yana share hawaye. "Ba a makara, Lawal. Ba a makara."

"Ba a makara da me?"

Aka nuna masa waya. Darakta ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Albishir! Lawal Mai Fiyano ya tuba, ya bar kiɗa har abada. Kayan tuba ne, a yi sauri kafin ya canza shawara."

Malam ya fito masallaci da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya samu Musaddiƙ a bakin shagon caji yana ba abokansa labarin yadda ake sarrafa kasuwa.

"Na tuba daga me, ɗan ƙanwata?"

"Kawu, ka duba hikimar. Na cire ka daga kiɗa, na kuma ɗaga darajar kaya. Masu kallo sun ninka."

"Ka cire ni daga inda ban taɓa shiga ba?"

"To ai yanzu ko ka shiga ko ba ka shiga ba, ka fita."

Malam ya juya ya koma gida. Shi da kansa ya kira Alhaji Kyari, ya roƙi arziki su zo Kazaure ranar Asabar bayan la'asar, da Hajja Kaka in za ta iya, su ji gaskiya daga bakin wanda ya yi ƙaryar. Ya gayyato liman da mai unguwa. Ya ce wa Musaddiƙ abin da zai faɗa jimla biyu ne kacal: ni na haɗa bidiyon, kawuna bai iya kiɗa ba.

Amma jimla biyu sun yi wa Darakta kaɗan. Ya kwana yana tunani, ya ga cewa in ya ce ƙarya ya yi, sunansa ya zube a kasuwa. Sai ya ƙulla sabuwar dabara: zai ce shi ne makaɗin, kiɗansa ne aka ji a bidiyo, Kawu tsayawa kawai ya yi. Ga Kawu ya wanku, ga shi ya yi suna. Don ribar ta cika, ya kira wani mai saye daga Babura, Muhammad mai situdiyo, ya ce ya zo a ranar, a lokacin.

Ranar Asabar Mairo ta sa aka share ƙofar gida, aka yayyafa ruwa sosai don ƙura ta kwanta, aka shimfiɗa tabarmi. Mutanen Roni suka iso. Hajja Kaka ta ƙi shiga ciki wurin mata, ta ce a ajiye mata kujera a bakin zaure, da idonta ta zo gani. Unguwa ta cika, 'yan acaɓa sun jera babura kamar ana rabon mai.

Malam ya fito ya ga an kafa fiyano da amfilifaya da lasifika mai zuza, an ja waya daga janaretan mai shayi.

"Wannan na mene ne?"

"Hujja, Kawu."

Musaddiƙ ya zo gaban manya. Duk iya shegensa yana da ladabi, ba zai tsaya gaban liman da surukai da takalmi ba. Ya tuɓe su, ya ajiye a gefe, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Sannan ya miƙe ya koma bayan fiyano, ƙafafunsa tsirara a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Iyayena, kawuna bai iya kiɗa ba."

Malam ya gyaɗa kai. Saura jimla ɗaya.

"Ni ne na iya."

Malam ya buɗe baki, amma Darakta ya riga ya shafi jan maɓalli da gwiwar hannu. Kiɗa ya ɓarke. Lasifika yana zuza, ganguna suna dukan ƙirji, Musaddiƙ ya rufe ido yana watsa yatsu hagu da dama, yana karkaɗa kafaɗa. 'Yan acaɓa suka fara tafi. Har Hajja Kaka ƙafarta ta ɗan motsa ƙarƙashin zane.

Muhammad mai situdiyo yana tsaye a gefe da hannu a aljihu. Ya ce, "Darakta, ɗan canza mana wani."

"Wannan ai bai ƙare ba!"

"To ɗan rage masa gudu."

"Ba a rage wa gwani gudu!"

Tafi ya shiga kansa. Ya ga kiɗa kawai bai isa ba, sai an haɗa da waƙa. Ya miƙa hannu ya damƙi makirfo.

"Musaddiƙ, takalmi!" in ji Malam.

Ya makara. Darakta ya saki wata ƙara da lasifikan ya kai har bakin kasuwa. Ya yi tsalle, makirfo ya ƙi sakinsa, ya sake tsalle, tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma. Da ƙyar ya yarfar da shi, ya faɗa kan tabarma, ya kifar da butar liman, ya ƙare a zaune a gaban Alhaji Kyari, hannuwansa biyu a sama suna rawa.

Fiyano kuwa bai tsaya ba. Yana can shi kaɗai, ba kowa a bayansa, yana zuba kiɗa, bai kuskure ko ɗaya ba.

Kowa ya dubi fiyano, ya dubi hannuwan Musaddiƙ, ya sake duban fiyano.

"Ikon Allah," in ji Hajja Kaka. "Yaro, daga nan kake kaɗa shi?"

"Hajiya... sabon salo ne. Na nesa."

Dariyar da aka yi har mai shayi sai da ya zauna a ƙasa. Malam bai yi dariya ba. Ya taka da takalminsa, ya kashe jan maɓallin, ya sake kunnawa, kiɗan ya dawo daga farko, ya sake kashewa.

"Jama'a, kun gani. A gidan nan babu makaɗi, babba ko yaro. Makaɗin yana cikin akwati." Ya juya ga mai situdiyo. "Kai ne mai saye? To ka saurara. Wannan maɓallin ya mutu. Wannan ma. Wannan ma. Lasifika yana zuza, ɗan'uwansa ɓarawo ya tafi da shi. Amfilifaya yana jan mutum, ga shaida nan a zaune."

Muhammad ya ce shi dama tun a bidiyo ya gane kiɗan akwati ne. Irin wannan tsohon fiyanon yake nema ya rasa, har ƙetaren iyaka ya sa cigiya, sai ga shi a waya a Kazaure. Abin da ya hana shi zuwa da wuri tarihin Damagaram ne, don ya ɗauka za a tsuga kuɗi. Matattun maɓallai kuwa gyaransu ba wuya. Suka shiga zaure da Malam da mai unguwa, aka yi ciniki, kuɗi a hannu, ba hoto ba.

Hajja Kaka ta kira Malam da hannu. "Malam Lawal, mutumin da zai tsaya gaban mai saye ya lissafa aibin kayansa, ba zai ɓoye mana komai ba. Kyari, a sa rana."

Aka sa rana a wurin, liman ya ɗaga butarsa daga ƙasa ya yi addu'a.

Da a nan Malam ya tsaya, da an huta. Amma shi a wurinsa ɓatancin da aka yi a bainar jama'a, a bainar jama'a ake goge shi, kuma ƙofar gida ɗaya ba ta isa ba. Ya roƙi Muhammad ya bar masa amfilifaya da lasifika mai zuza na ɗan lokaci. Ya yanke wa Musaddiƙ hukunci: ya ɗaure kayan a kan adaidaita sahu, ya bi kasuwar Kazaure da ta Gwiwa da ta Roni da ta Babura, kowace a ranar cinta, da takalmi a ƙafarsa, yana shela da kalmomin da Malam ya tsara, ba ƙari ba ragi: "Lawal ba makaɗi ba ne."

Musaddiƙ ya bi umarni, karo na farko a rayuwarsa. Sai dai lasifikan yana zuza a ƙarshen kowace shela, zuzar kuma tana faɗuwa daidai wurin tafi. A Gwiwa yara suka bi adaidaita suna amsawa. A Roni 'yan mata masu tallar gyaɗa suka sa mata rawa. Kafin a kai Babura, mutanen da ba su taɓa jin sunan Malam ba, ba su ma da wayar kallon bidiyo, duk sun haddace. Muhammad mai situdiyo ya ji yara suna rerawa a bayan shagonsa, ya zauna a gaban fiyanon da ya gyara, ya yi mata kiɗa.

Ranar bikin Halimatussa'adiyya, Malam yana zaure da baƙi ana cin shinkafa, sai guɗa ta tashi daga cikin gida, kiɗa ya biyo baya, muryoyin mata suka ɗauka gaba ɗaya, ta Hajja Kaka a sama da ta kowa: "Lawal ba makaɗi ba ne, ayye, Lawal ba makaɗi ba ne!"

Musaddiƙ ya leƙo da faranti a hannu. "Kawu, ka ji? Har Maraɗi ta kai. Na ce maka zan sa a san ka."

Malam ya ajiye cokali. Ya nemi abin da zai kai ƙara a kansa, ya juya jimlar ta kowane gefe, ya rasa, domin babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma shi ya tsara ta da bakinsa. Ya riga ya je wurin mai unguwa a kan maganar, mai unguwa ya ce zai duba. Mai unguwar yana faɗin haka yana buga ƙafa daidai da kiɗan waƙar.